ZAUREN IYALI: Babba da Ƙarami, Wa Ya Fi Jin Ciwo a Wasa?

A wannan wata za mu taɓa wata magana da takan raba ra'ayin uba da uwa, watau wane yaro za a bari ya shiga wasan guje-guje da karo, wane kuma za a hana.

Wata ranar Asabar da la'asar mun fito daga cikin birni ta Ƙofar Nassarawa za mu koma gida, sai muka ga yara a wani fili ba nisa da gadar sama suna buga ƙwallo. Sun kafa duwatsu a maimakon raga, ƙura tana ta tashi. A gefe wani yaro yana zaune yana tsaron takalman 'yan'uwansa. Muka gane shi, ɗan maƙwabcinmu ne. Shekararsa 12, amma in ka gan shi sai ka ce 9. Wansa mai shekara 14, ƙato ne sosai, yana tsakiyar fili yana ture wannan yana bangaje wancan. Muka ce, "Auta, kai ba ka bugawa?" Ya ce, "Baba, Mama ta hana. Ta ce ni ƙarami ne, za a karya ni."

Bayan mako uku sai muka ji an kwantar da yaron gidan a asibiti. Muka tafi dubiya muna tsammani Auta ne ya saci jiki ya shiga fili. Ashe babban ne. Sun yi tsalle shi da wani, kai ya gamu da kai. Ya faɗi, ya tashi yana tangaɗi, amma kowa ya ce, "Ai ƙato ne, ba abin da zai same shi." Ya ci gaba da wasa har magariba. Da dare ya soma amai, yana maimaita tambaya ɗaya. Ya kwana biyu a asibiti, aka sallame shi, mun gode Allah. Uwarsa ta ce mana, "Malam, ni da nake tsaron ƙaramin, ashe babban ne ba shi da mai tsaro."

Wannan magana tata ta sa muka duba wani wasa na nesa, gama a can an daɗe ana wannan gardama, da kuɗi masu yawa kuma a kanta. A Amurka suna da nasu ƙwallo dabam da namu. Ƙwallon mai kama da gwanda ne, da hannu ake jefa shi, kowane gefe mutum 11. Akwai mutum ɗaya da yake karɓar ƙwallo ya jefa wa 'yan'uwansa, suna ce da shi kwatabak, mu kuwa bari mu kira shi madugu. Aikin abokan gaba shi ne su cim masa su kā da shi kafin ya jefa, waɗansunsu kuwa sun kai kilo 130 ko fiye. Saboda haka masu ƙungiyoyi suka daɗe suna cewa dole madugu ya zama dogo mai kauri, domin gajere ba zai jure ba. A shekarar 2023, sa'ad da ƙungiyar Carolina Panthers ta zaɓi Bryce Young a kan gaban kowa, ba abin da aka fi magana a kai sai jikinsa, gama tsawonsa ƙafa 5 ne da inci 10, nauyinsa kuwa wajen kilo 93.

To, bari mu ga yadda manyan suka ƙare. Andrew Luck na ƙungiyar Indianapolis Colts tsawonsa ƙafa 6 da inci 4, nauyinsa wajen kilo 109. A shekararsa ta fari, 2012, sau 41 aka kā da shi da ƙwallo a hannu. A 2015 ƙodarsa ta tsage. Shekarar 2017 dukanta bai yi wasa ba saboda kafaɗa. A watan Agusta na 2019 ya ce ya gaji da ciwo da jiyya, ya bar wasan yana ɗan shekara 29. Cam Newton ya fi shi girma ma, ƙafa 6 da inci 5. Shi ne aka zaɓa gwanin gwanaye na 2015. Saboda ƙarfinsa aka riƙa sa shi ya ruga da ƙwallo ya kutsa cikin ƙattai. Aka yi masa aikin kafaɗa a 2017, aka sāke yi a 2019, a shekarar nan kuma ƙafarsa ta samu rauni, daga nan bai koma yadda yake dā ba.

Gajerun fa? Russell Wilson, mai ƙafa 5 da inci 11, ya yi wasa 149 a jere daga 2012 bai fasa ko ɗaya ba, sai a 2021 da ya ji ciwo a yatsa. Drew Brees, mai ƙafa 6, wanda aka yi ta cewa bai isa ba, ya yi shekara 20 a wasan, ya bari yana da shekara 42. Ba mu ce bai ji ciwo ba. Kafaɗarsa ta goce a ƙarshen 2005, a 2020 kuma ya karya haƙarƙari 11. Kyler Murray, shi ma ƙafa 5 da inci 10, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a watan Disamba na 2022, amma ba wanda ya taɓa shi, gudu yake yi ya juya, gwiwar ta saki. Irin wannan rauni ba ruwansa da girman abokin gaba.

Kada fa mu yi saurin cewa gajere ya fi dogo ƙarko. Ba a ɗaukar gajere a wannan aiki sai ya fi kowa wayo da zafin nama, saboda haka 'yan kaɗan ɗin da muke gani zaɓaɓɓu ne. Gaskiya ne kuma in mutum biyu suka yi karo, mai ƙaramin nauyi shi ne ya fi tashi sama. Amma abin da labarin mutanen nan ya nuna mana shi ne, yawan bugun da mutum ya sha ya fi awon jikinsa muhimmanci. Brees yakan saki ƙwallo da wuri. Wilson yakan zame ƙasa ko ya fita layi kafin a cim masa. Luck da Newton kuwa sukan tsaya su karɓi bugu, domin su da masu koyar da su sun dogara ga girman jiki. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Girman da ake tsammani garkuwa ne, shi ne ya sa aka riƙa tura su gaba.

Akwai kuma wurin da girma ba ya taimako ko kaɗan, watau ƙwaƙwalwa. Tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, in kai ya girgiza da ƙarfi sai ta bugi ƙashi daga ciki, ko mai kan ƙato ne ko siriri. Wani likita ɗan ƙasarmu, Bennet Omalu, wanda ya yi karatu a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, shi ne ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster a 2002. Webster ƙaton ɗan wasa ne wanda ya rasu yana da shekara 50 bayan hankalinsa ya rikice. Likitan ya tarar da lalacewar da yawan bugun kai yake kawowa, ya buga abin da ya gani a 2005. A watan Satumba na 2022 kuma madugun Miami Dolphins, Tua Tagovailoa, ya bugu a kai, ya tashi yana tangaɗi, aka mai da shi fili. Bayan kwana 4 aka sāke buga shi da ƙasa, a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi. Bayan wannan ne suka gyara dokarsu, cewa duk wanda aka gani yana tangaɗi bayan bugu ya gama wasan ran nan. Abin da ya faru da ɗan maƙwabcinmu ke nan a Ƙofar Nassarawa, sai dai shi ba likita a bakin fili.

Mu ma a gida mun san wannan. A damben gargajiya ba a auna kowa da sikeli, kuma sau da yawa ɗan siriri mai iya kauce wa hannu yakan yi kisa a kan wanda ya fi shi jiki. Duk da haka masu shirya damben zamani sun soma raba 'yan dambe bisa nauyi, kamar yadda ake yi a damben Turawa, gama dabara tana da iyaka. Ahmed Musa ba dogo ba ne, amma ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya ci Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya ci Aisland biyu a 2018. Da an zaunar da shi tsaron takalma saboda ƙanƙantarsa, da ba mu ji sunansa ba.

Saboda haka, ya ku iyaye, ga shawararmu.

Da fari, kada a hana yaro wasa don ƙaramin jiki kaɗai. A duba da su wa yake wasa. Ɗan shekara 12 cikin tsaransa ba laifi. Ɗan shekara 12 cikin samari masu shekara 18, nan ne haɗarin yake, gama ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, musamman a bakin gaɓoɓi inda suke ƙara tsawo.

Na biyu, a sa ido ga babban yaro kamar yadda ake sa wa ƙarami. Mai jikin manya da shekarun yara, samari sukan ja shi cikin wasansu, shi kuma yana jin kunyar cewa ya ji ciwo. A koya masa cewa kauce wa karo ba ragwanta ba ce.

Na uku, duk yaron da ya bugu a kai ya yi jiri, ko tangaɗi, ko ya manta abin da ya faru, ya fita daga wasa nan take, ko da bai suma ba, kada kuma ya koma ran nan. In ya yi amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya, ko ya yi jijjiga, a kai shi asibiti a daren, kada a jira safiya. Bayan ya warke ma, a hankali zai koma wasa, da izinin likita.

Na huɗu, in gaɓa ta kumbura yaro ya kāsa taka ƙafa, ko hannu ya karkace, a nemi hoton ƙashi kafin a bar wani ya ja ko ya murɗa. Mu mutanen Kano muna da Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959. Karaya a bakin gaɓar yaro in an ɗora ta a karkace, ƙafar takan girma a karkace.

Na biyar, a duba filin. Duwatsu, da ramuka, da fasassun kwalabe, da hanyar mota kusa, ba su tambayar nauyin kowa. Yara su share fili, su ɗan motsa jiki kafin su fara, su sha ruwa, su huta in rana ta yi zafi.

A makon jiya mun sāke bi ta Ƙofar Nassarawa. Auta yana cikin fili tare da tsaransa, ƙura har gira. Wansa ne yake zaune a gefe da takalma, gama likita ya ce ya ɗan ƙara hutawa. Ubansu yana tsaye daga nesa da kekensa, wai wucewa yake yi. Muka gaisa, ya ce, "Malam, mamansu ce ta aiko ni in gani da idona."

Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu, manya da ƙanana. Sai wata mai zuwa.