Amon Dutse da Bugun Duniya: Ina Gaskiyar Take?

Matafiyin da ya doshi garin Dutse ba zai rasa ganin manyan duwatsu sun hau kan juna kamar da hannu aka ɗora su ba. Akwai masu cewa wai duniya tana da wani amo nata na asali, kuma wai mutanen da sun san shi, suna kaɗa ganga daidai da shi sai dutse ya rasa nauyi ya tashi sama. Maganar tana da daɗin ji, amma abu biyu ne mabambanta aka cuɗa a cikinta.

Na farko shi ne abin da wani masani Bajamushe, Winfried Otto Schumann, ya lissafa a 1952, aka kuma tabbatar da shi da awo a Amurka a 1960. A kowace daƙiƙa ana yin walƙiya kamar 40 zuwa 50 a faɗin duniya. Igiyoyin lantarkin da take haifarwa suna kewaya duniya tsakanin doron ƙasa da wani rufin iska mai lantarki da ke can sama, suna bugawa sau 7.83 a daƙiƙa. Ba wani asiri a cikin wannan adadi: in aka raba gudun haske, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa, da kewayen duniya, kilomita 40,000, za a sami 7.5, kusa da shi ke nan. Wannan bugu dangin igiyar rediyo ne. Kunne ba ya jin sa, ganga ba ta yin sa.

Na biyu shi ne ɗaga abu da sauti, kuma lalle ana yi. A 2015 masana a Jami'ar Bristol ta Ingila sun jera ƙananan lasifika 64 masu bugu 40,000 a daƙiƙa, suka riƙe 'yar ƙwallon roba mara nauyi, wadda ba ta kai wake ba, a cikin iska. To, amma ba a kashe nauyinta ba. Matsin iska ne ya tallafe ta kamar yadda tafin hannu yake tallafe tsaba, kuma da an kashe na'urar sai ta faɗo. Tsakanin wannan da falalen dutse akwai tazarar da ba kiɗan da zai cike ta. Duwatsun Dutse kuwa rana da ruwan sama ne suka sassaƙa su a tsawon zamunna.

Abin takaici shi ne, yayin da ake bin wannan shaci-faɗi, an manta da abin mamaki na haƙiƙa da ke kusa. A Birnin Kudu, inda zane-zanen shanu na Dutsen Habude da Dutsen Mesa suke, Bernard Fagg ya ci karo a 1955 da duwatsun da in an buga su da ɗan dutse suke amo kamar kuge, ga kuma gurabun da yawan bugu ya bari a jikinsu. Su wa suka kaɗa su? A wane biki? Da waɗanne waƙoƙi? Amsoshin da suka rage suna bakin tsofaffi, tsofaffi kuwa ba sa jira.

Nauyi biyu ke nan a wuyan ɗalibin Hausa. Ɗaya shi ne tsare kalma, domin muddin mai fassara ya kira abin da Schumann ya gano "amo", mai karatu zai tuna kalangu, ruɗani ya samu ƙofa. "Bugun lantarkin duniya" ya fi kusa da ma'ana. Ɗayan shi ne ɗaukar na'urar naɗar magana a tafi Birnin Kudu, wadda ba ta da nisa da Jami'ar Tarayya ta Dutse. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Dutsen da yake amo yana nan, ana iya taɓa shi. Dutsen da ganga ta ɗaga kuwa har yau ba wanda ya nuna shi.