Filin Sani da Fasaha: Tsamo Adadi Daga Cikin Rubutu

A ofisoshi da dama na Maraɗi, Damagaram da Tawa, da kuma wajen ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwa, na'ura mai ƙwaƙwalwa ta maye gurbin babban kundin lissafi. Sai dai hannun da ya saba da alƙalami bai canza hali ba. Magatakarda yakan buɗe Excel ya rubuta "buhu 40" ko "12 500 F" cikin gurbi guda, kamar yadda yake yi bisa takarda. Ga ɗan Adam wannan adadi ne, amma ga na'ura rubutu ne kawai. Idan aka umurce ta da ta haɗa jimla da SOMME, sai ta tsallake gurbin ba tare da gargaɗi ba. Ta haka ake samun giɓi a lissafi, har a zargi ma'aji da cin amanar da bai ci ba.

Alamar farko a fili take: in ba a taɓa tsarin ba, adadi yana jingina ga dama cikin gurbinsa, rubutu kuwa ga hagu.

Maganin ya danganta da inda adadin ya zauna. Faransanci yana sa shi gaba, "40 sacs", saboda haka ana yanko shi daga hagu: =CNUM(GAUCHE(A2;CHERCHE(" ";A2)-1)). CHERCHE tana gano inda sarari yake, GAUCHE ta yanko abin da ya gabace shi, CNUM kuma ta mayar da shi adadi na gaskiya. Hausa kuwa tana sa adadi baya, "buhu 40", don haka sai a ɗauko abin da ya biyo bayan sararin: =CNUM(STXT(A2;CHERCHE(" ";A2)+1;20)). Game da "12 500 F", SUBSTITUE ce ke share harafin da sararin: =CNUM(SUBSTITUE(SUBSTITUE(A2;"F";"");" ";"")). Idan duk da haka #VALEUR! ta bayyana, sau da yawa wani sarari ne na dabam da akan kwaso daga intanet, wanda ake sharewa da CAR(160).

Akwai kuma tarkon iyaka. Takardar kaya da ta fito daga Kano ko Katsina, in ta ce 1,500 tana nufin dubu ɗaya da ɗari biyar. Na'urar da aka tsara bisa Faransanci kuwa ɗaya da rabi za ta karanta, domin a wajenta waƙafi shi ne ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa. Tun daga Excel 2013 akwai VALEURNOMBRE, wadda ake gaya wa aikin kowace alama: =VALEURNOMBRE(A2;".";",").

Amma akwai abin da babu wata dabarar lissafi da za ta iya warwarewa. A kasuwannin Nijar da dala ake ciniki, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce ta sefa. Idan mai sayen albasa a Galmi ya rubuta "dala 200", na'ura za ta tsamo 200 daidai, alhali kuɗin jika ɗaya ce, wato 1000. In aka haɗa wannan 200 da kuɗin da aka rubuta da sefa, kashi huɗu cikin biyar sun salwanta bisa takarda. Haka lamarin yake ga tiya da buhu idan sun haɗu a jeri guda. Na'ura tana tsamo adadi, ba ta san abin da aka auna da shi ba.

Saboda haka waɗannan dabaru na gyaran tsofaffin takardu ne. Ga sabon aiki, ran gini ran zane: jeri ɗaya na sunan kaya, ɗaya na adadi tsagwaronsa, ɗaya na ma'auni, kuɗi kuma duk da sefa. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyi su tabbatar da wannan tsari tun kafin kakar bana ta shigo, domin su kare dukiyar jama'a da mutuncin ma'ajinsu.