Wutar cek injin ba ƙarya take yi ba

1/ Jama'a, zaren yau na masu a-kori-kura ne da manyan motoci, Hilux, Tundra, har DAF. An yi wa injin ɗinka wani ƙari ko an cire masa wani abu, wutar cek injin ta kama, an sa kwamfuta an goge, bayan kwana biyu ta dawo. Ra'ayina: sau da yawa motar ce ke da gaskiya. 🧵

2/ Ƙwaƙwalwar mota ba ta ganin injin da idonta. Sensa-sensa ne ke kai mata labari: yawan iskar da ta shiga, zafin ruwa, oksijin da ya rage a hayaƙi, matsin turbo. Sai ta kwatanta da lissafin da kamfani ya rubuta mata. Da zarar abin ya saɓa, ta ajiye lamba ta kunna wuta. Ka canza ƙarfe ka bar lissafi yadda yake, me kake so ta ce?

3/ Tun 1996 aka wajabta tsarin OBD-II a ƙananan motoci da a-kori-kura a Amurka, wato soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari. Shi ya sa P0171 ma'anarta ɗaya ce a Toyota ko a Ford. Manyan tireloli da yawa kuma J1939 suke bi, lambobinsu SPN da FMI.

4/ Ɗauki tace-iska na gayu, wanda ake sa wa don mota ta riƙa gurnani. Injin fetur na son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, a nauyi. Sensan iska kuma da faɗin bututun asali aka auna shi. Ka sa bututu mai faɗi, iska ta ƙaru amma sensa ya faɗi ƙasa da abin da ya wuce. Kwamfuta ta ga mai ya yi kaɗan, ta yi ta ƙarawa har ta kai iyakarta, sai P0171 ko P0101. In tacen mai maiƙo ne aka cika masa mai, yana iya ɓata wayar sensan ma.

5/ Sai indomie, ƙwayar nan ta cikin salansa mai tace hayaƙi. Akwai sensa a gabanta, akwai a bayanta. Ka fasa ka cire, biyun su fara ba da labari iri ɗaya, P0420 ta fito, in V6 ko V8 ce har da P0430. Wallahi duk wanda ya ce maka "cire ta mota za ta samu numfashi", ka tambaye shi ina za a kai wadda aka cire. Akwai platinum da palladium a cikinta, kuɗi ce.

6/ Cire tamostat da haɗa fanka dairek kuwa ya zama al'ada a garejinmu, wai zafin Arewa. Injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da ba shi mai kamar yanzu aka tayar da shi da asuba, P0128 ta biyo baya. Kana ƙona mai a banza, alhali lagireton ne ke son wanki.

7/ Nan ne wurin da na fi so ku nutsu: CNG. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mutane ke ta mayar da motoci gas, kuma ban ga laifin kowa ba, aljihu ne. Amma gas ɗin na buƙatar iska kusan kashi 17 a kan 1. Kit ɗin yana zuwa da ƙaramar kwamfutarsa, wadda ke karɓar umarnin da ta asali ta aika wa nozul ɗin fetur ta fassara shi zuwa na gas. Ta asalin ba ta ma san an daina shan fetur ba.

8/ In mai haɗawa bai zauna ya saita wannan fassarar ba, yana tuƙi yana duba alkaluma, sai ta asalin ta fara gyara kuskuren da ba nata ba, kuma ta haddace gyaran. Ka koma fetur, mota ta riƙa tari. Ka je a canza fulogi, a canza koyil, a canza famfon mai, duk lafiyarsu ƙalau. Saiti ne bai yi ba, kuma wanda ka biya ya haɗa shi ne zai gyara.

9/ Masu dizal, na san taku ta fi ciwo. DPF, EGR da AdBlue an ƙera su ne don dizal mai tsafta, a Turai sulfa 10 ppm, a Amurka 15. An daɗe ana sayar mana da wanda ya zarce haka nesa ba kusa ba. Tacen ya toshe, mota ta rage wa kanta ƙarfi a tsakiyar hanyar Kaduna da kaya a baya. Na fahimci mai son a cire. Amma a fasa tace da guduma a bar kwamfuta tana neman sa, wannan P2002 ne da P0401 har abada, ga baƙin hayaƙin da ɗan acaɓan da ke bayanka zai shaƙa.

10/ Masu cewa "ai a Amurka ma ana yi": can laifi ne a doka. A Disamban 2023 kamfanin Cummins ya amince zai biya tarar dala biliyan 1.675 kan manhajar kauce wa ƙa'idar hayaƙi a injinan Ram 2500 da 3500.

11/ Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙarin da ba ya kunna wuta ko kaɗan. Ɗan akwatin nan da ake jona wa sensan matsin mai don ƙarin ƙarfi, aikinsa yi wa kwamfuta ƙarya ne. Ya ce mata matsi ya yi ƙasa, ita kuma ta ƙara. Allo tsaf, mota na gudu, zafin hayaƙi na hawa, fistin da turbo da giya na ɗaukar abin da ba a yi su dominsa ba. In dai ƙarfi kake so, gara a sake rubuta lissafin gaba ɗaya a hannun wanda ya san iyakar injin ɗin.

12/ "To a goge kawai mana." Gogewa na share hoton halin da injin ke ciki a daidai lokacin da matsalar ta faru, abin da bakanike na ƙwarai zai fara dubawa kenan. Kuma wutar ɗaya ce tal. In P0420 ta riƙe ta a kunne shekara guda, ranar da babbar matsala ta zo ba za ka sani ba. In ka ga tana ƙyaftawa kuwa, silinda ce ke tsallake wuta, ka sassauta ka nemi wurin tsayawa.

13/ Mai shirin sayen tokumbo ko ta hannu: murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Dole cek injin ta haska tare da sauran fitilu. In ba ta fito ba, an cire ƙwan ko an liƙe shi. Sa kwamfuta ka duba gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta, in yawancinsu ba su kammala ba, bai daɗe ba aka goge ko aka cire batir. Ka ce wa dillalin a yi tafiya mai ɗan nisa tukuna, a dawo a sake dubawa a gabanka.