RA'AYINMU: Gemu da Ɗan Yaro a Filin Sukuwa

A hutun ƙaramar Sallar da ta wuce, waɗansu daga cikin ma'aikatan wannan mujalla sun halarci wata 'yar sukuwa da ƙungiyar samarin wani gari ta shirya a filin da ke bayan makarantar firamare. Ƙaramar sukuwa ce, ba irin ta Kano ko Katsina ko Maraɗi ba. Dawakin ba su fi 20 ba, alƙalan kuwa malaman makaranta ne biyu da wani tsohon ɗan barga, kyautar kuma buhun dawa da sabon linzami. Da aka zo zagaye na uku, wanda mai shela ya ce na sababbin mahaya ne, sai yara biyar suka jeru, babbansu bai wuce shekara 13 ba. Ana shirin saki ke nan sai ga wani magidanci da gemunsa, bisa wani ingarman akawal da duk ƙasar aka san shi da cin sukuwa, ya kutso cikin sahu. Jama'a suka yi ta gunaguni. Shi kuwa ya ce a nuna masa inda aka rubuta cewa babba ba ya shiga. Aka rasa abin nunawa, domin kuwa tun farko babu wanda ya rubuta kome. Da aka saki, ya matse yaran a kwanar farko har ɗayansu ya kauce ya nufi cikin 'yan kallo, ya zo na ɗaya, ya aza buhunsa ya tafi. Wani dattijo da ke kusa da mu ya girgiza kai ya ce, girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Mai karatu yana iya cewa wannan al'amari bai kai a ɓata masa takarda da tawada a mujallar ɗaliban jami'a ba. Mu kuwa muna ganin ya kai, saboda dalilai biyu. Na farko, a irin waɗannan ƙananan filaye ne yaro yake fara ganin yadda manya suke yi da doka, tun kafin ya san kotu ko majalisa. Na biyu, galibin sakatarorin ƙungiyoyin da ke shirya waɗannan wasanni a garuruwanmu ɗalibai ne 'yan'uwanmu, watau alƙalamin rubuta ƙa'ida a hannunmu yake. Saboda haka tambayar tamu ce: shin adalci ne babba ya kara da yaro a ƙaramar gasar hawan doki?

Kafin mu ba da amsa, wajibi ne mu saurari hujjar magidancin nan da masu ra'ayi irin nasa, gama ba su rasa abin faɗi ba. Suna cewa hawan doki ya bambanta da kokawa ko dambe, domin doki ne ke gudu, mahayi kuwa jagora ne kawai. Akwai gaskiya a nan, kuma tarihin wasan ya tabbatar da ita. Hawan doki yana cikin 'yan wasannin Olamfik da maza da mata suke karawa a sahu ɗaya. A Helsinki a 1952, Lis Hartel 'yar ƙasar Danmak, wadda shan-inna ya raunana mata ƙafafu har sai an taimaka mata wajen hawa da sauka, ta zo ta biyu a gasar sarrafa doki a tsakiyar maza. A Landan a 2012, Hiroshi Hoketsu na Japan ya shiga wannan gasa yana da shekara 71. Ta wajen ƙuruciya kuma, Lester Piggott na Ingila ya ci sukuwarsa ta farko a 1948 yana ɗan shekara 12, a filin manya, daga bisani ya ci babbar sukuwar Dabi har sau 9. Daɗin daɗawa, kowane mai doki a ƙasar Hausa ya san yaro ya fi babba rashin nauyi, kuma doki ya fi sakin jiki a ƙarƙashin mara nauyi. Don haka ne ma attajirai suke neman ƙananan yara su hau musu. To, in ji masu wannan ra'ayi, idan har akwai wanda aka ƙwara a karon gemu da ɗan yaro, ai mai gemun ne.

Amma fa wannan hujja ta ɗauki nauyi kaɗai ta bar sauran abubuwa uku. Akwai ƙarfin damtse, wanda da shi ake riƙe ingarma in ya ɗauki linzami, da shi ake yin zamiya in hanya ta toshe. Akwai wayo da sanin fili, watau sanin lokacin da za a saki doki da lokacin da za a tausa shi, da yadda ake tare kwana, abin da ba ya samuwa sai da shekaru bisa sirdi. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne dokin kansa. Magidanci mai abin hannu yana zuwa da dokin da ya ƙoshi da dawa da harawa da kanwa, wanda ake fita kilisa da shi safe da yamma. Yaron unguwa kuwa yakan zo da ƙurun kawunsa ko tsohuwar goɗiyar da jiya ma ta yini tana aiki. Idan aka jera waɗannan biyu aka ce ai doki ne ke gudu, an faɗi gaskiya, kuma wannan gaskiyar ita ce ta tona asirin zaluncin. Lester Piggott ɗan gidan masu horar da dawaki ne, kuma dokin sukuwa ya hau ranar da ya ci, daidai da na abokan karawarsa.

Har wa yau, ƙasashen da ake kafa hujja da su ba su bar al'amarin kara zube ba. A Ingila, mahayi ɗan koyo a sukuwar fili ana rage wa dokinsa nauyin laba 7 har sai ya ci sau 20, sa'an nan laba 5 har ya ci sau 50, sa'an nan laba 3 har ya ci sau 95, daga nan ya zama cikakken mahayi, ba sauran rangwame. Abin lura a nan shi ne da yawan ci ake auna shi. A can ne kuma aka kafa ƙungiyar hawan doki ta yara, Pony Club, a 1929, kuma tun 1957 ake yin gasar kofin Yarima Filif wadda ta yara ce zalla 'yan ƙasa da shekara 15. Hukumar wasannin dawaki ta duniya ita ma ta raba mahaya rukuni-rukuni: yara daga shekara 12 zuwa 14, matasa daga 14 zuwa 18, ta kuma ware ƙananan dawaki waɗanda tsayinsu bai wuce santimita 148 ba, ta ba su gasarsu dabam. Ko a 'yan ƙananan wasannin ƙauyukan Ingila, inda kyautar ba ta wuce ƙyallen ado da ake maƙala wa doki ba, akan ware aji na sababbi da aji na kowa-da-kowa, kuma gwanin da yake son ya gwada sabon dokinsa a ƙaramin aji yana iya shiga bisa sharaɗin ba za a lissafa shi cikin masu cin kyauta ba.

Ba ma sai mun haye teku neman wannan hikima ba. Duk wanda ya taɓa zuwa dandalin kokawa da kaka ya san yara ne ke share fage, sa'an nan samari, sa'an nan a kira manyan 'yan kokawa. Babu takarda, babu sakatare, amma ƙaton da ya miƙa wa yaro hannu ya san abin da mata da makaɗa za su yi da sunansa kafin gari ya waye. Kunya ce ta tsare wannan doka shekara da shekaru. Abin da ya faru a filin da muka ba da labari shi ne kunyar ta yi rauni, rubutacciyar ƙa'ida kuwa ba ta zo ta maye gurbinta ba.

Duk da haka, ba mu goyon bayan masu cewa a raba mahaya da shekarun haihuwa kawai a huta. Akwai babba wanda bai taɓa taka likkafa ba sai da ya kama aiki ya sayi dokinsa na fari. Cikinmu ɗalibai ma akwai 'ya'yan talakawa da yawa da ba su sami hawa suna yara ba, alhali suna so. Gemu ba ya hana neman sani, kuma tura irin wannan mutum cikin sahun gwanaye don kawai ya haura shekara 18 wani zaluncin ne, mai haɗari kuma. A ɗaya gefen, akwai ɗan shekara 14 da ya tashi a bargar sarki ko ta attajiri, wanda ya ci sukuwa fiye da a ƙirga. Barinsa cikin sababbin mahaya don yana yaro daidai yake da barin magidancin nan. Sa'an nan kowa ya san yadda shekaru suke raguwa a ƙasar nan da zarar an ambaci kyauta. Mun gani a ƙwallon ƙafa, inda sai da hukumar FIFA ta kawo na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009 domin tantance 'yan wasa. Ƙungiyar samarin ƙauye ba ta da wannan na'ura, amma tana da abin da ya fi ta amfani a ƙaramin fili: kowa a garin ya san wanda ya taɓa ci da dokin da ya taɓa ci.

Akwai kuma wani ɓangare na wannan magana da ba a cika so a taɓo ba, shi ne yaron da ake ɗorawa kan dokin wani ya shiga sahun manya. Shi ne zai sha ƙura da bulalar abokan karawa, shi ne zai karye in doki ya yi tutsu ko ya yi tuntuɓe, sau da yawa ba hular kwano, wani lokaci ma ba sirdin kirki. In an ci, mai doki ne maroƙa za su wasa, shi ne zai karɓi babur ko kuɗi, a sallami yaro da abin sayen goro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duniya ta ga iyakar inda wannan hanya take kaiwa a tseren raƙuma na ƙasashen Larabawa, inda aka riƙa kwaso ƙananan yara daga Pakistan da Bangaladash da Sudan da Muritaniya saboda rashin nauyinsu, har Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kafa doka a 2005 ta hana duk wanda bai kai shekara 18 ba hawa, aka mayar da yaran gida, aka koma ɗora mutum-mutumi a kan raƙuman. Namu bai kai can ba, amma tushen ɗaya ne, watau kallon yaro a matsayin kaya mara nauyi. Wanda ya yi fushi da magidancin da ya shiga sahun yara, lalle ne ya yi fushi da attajirin da ya jefa yaro cikin sahun manya.

Saboda haka ga shawarar wannan mujalla ga duk ɗalibin da ke da hannu a shirya sukuwa ko wani wasan dawaki a garinsu. A rubuta ƙa'ida tun kafin ranar wasa, a karanta ta a gaban hakimi ko dagaci da masu dawaki, mai shela kuma ya maimaita ta a fili. A raba wasan aji uku. Aji na farko na yara ne zalla 'yan ƙasa da shekara 15, bisa dawaki masu sanyin hali, a gajeren zango, kowa da hular kwano da yardar mahaifinsa, kuma kyautar ta shiga hannun yaron da ya hau. Aji na biyu na sababbi ne, babba ko matashi, muddin shi da dokinsa ba su taɓa cin sukuwa ba. Wanda ya ci sau biyu ko uku ya yi gaba. Aji na uku na gwanaye ne, kuma kada a bar ƙaramin yaro ya shiga cikinsa kome ƙwarewarsa da kome matsin mai doki. Gwanin da yake son ya motsa dokinsa a ajin sababbi a bar shi, amma ya tashi daga baya kuma ba shi da rabo a kyauta. In mahaya sun yi kaɗan har ba za a iya cika aji uku ba, to a yi zagaye ɗaya a ba da kyauta biyu, ta babba dabam, ta yaro dabam. Duk wannan bai fi shafi guda na littafin rubutu ba.

Ga manyanmu masu dawaki kuwa, muna roƙo cikin ladabi. Hawan Sallah da ake alfahari da shi a Kano da Katsina da Zariya da Damagaram bai ɗore ba sai don kowane zamani ya ɗora na bayansa a kan sirdi ya riƙe masa ragama. Yaron da aka ture a kwana, aka kuma raba shi da buhun dawa a gaban abokansa, mai yiwuwa ne ba zai sake dawowa fili ba, kuma garin ya yi asarar mahayi ke nan. Wanda ya dawo kuwa, sai ya dawo da darasin cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya muddin ba a rubuta akasin haka ba, ya riƙe shi har ranar da zai zauna a ofis. Mun ji an ce ƙungiyar samarin garin nan za ta sake shirya sukuwa da babbar Sallah. Muna fata sakatarenta, wanda ɗalibi ne a wannan jami'a, zai je da takardarsa a rubuce.

Allah ya sa mu dace, amin.

Edita