SHARHI: Koyar da Lissafi Daga Gonakin Rani na Kura da Bunkure

A watan Yunin shekarar 2024 ne Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano. Gyaran ajujuwa da ɗaukar malamai su ne jama'a suka fi sa wa ido. To amma akwai buƙatar a duba yadda ake koyar da darussan kansu, musamman lissafi, wanda yara da dama suke haddacewa ba tare da sun san amfaninsa ba.

Ƙananan hukumomin Kura da Bunkure suna da kayan koyarwa a bakin ƙofa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce take shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir na yankin, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Yaron da ya tashi a nan ya san kwano da buhu da kwando tun kafin ya san alli.

Alal misali, malami zai iya kasa ɗalibai rukuni-rukuni, ya ba su gona mai tsawon mita 100 da faɗin mita 50, ya bar su su gano cewa rabin hekta ke nan. Daga nan sai su tambayo iyayensu buhun taki nawa za ta ci, da kuɗin man injin ban-ruwa, da ladan 'yan ƙodago. Sa'an nan a tambaye su: idan tumatir ya yi kwantai a kasuwar Kwanar Gafan, sayarwa ta fi riba ko shanyawa? Amsar ba ɗaya ba ce, kuma dole kowane rukuni ya kare tasa da alƙaluma. A nan ne awo da rabawa da kaso cikin ɗari suke zama a kan yaro.

Wannan hanya ba ta buƙatar kuɗi masu yawa, sai dai horar da malamai da ba su lokaci. Saboda haka ya kamata sakatarorin ilimi da kwamitocin kula da makarantu su haɗa kai da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, dagatai da masu unguwanni kuma su ƙarfafa wa iyaye gwiwa. Manomin da ya iya lissafin abin da ya kashe, da wuya dillali ya ƙware shi ranar ciniki.