Amosanin jini ba maita ba ne

Mai karatu, ka taɓa ganin yaron da hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura tun yana goye? In ya girma, kullum kukan ciwon ƙashi yake, balle lokacin ɗari. Idonsa ya yi rawaya, tafin hannunsa fari fat. Sai a ce mayya ta kama shi, ko a ce uwarsa wabi take yi.

Sau da yawa amosanin jini ne, wanda wasu ke ce ma sikila. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana kamar 120 tana aiki. Ta wannan yaro kuwa lanƙwashewa take kamar lauje, ta toshe hanyar jini, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jininsa ke ƙaranci.

Cutar gado ce, daga uba da uwa duka biyu. Suna iya ɗauke da ita, su kuma lafiyarsu lau. In haka ne, kowane ciki kamar ƙuri'a ce, 1 cikin 4 yaro ya zo da ita. To, don mi za a ɗora ma mace laifi, har a sake ta?

Ni a ganina, a yi awon jini a likita tun ba a kai kuɗin aure ba, ko da auren zumunci ne. Ba abin kunya ba ne.

In kana da irin wannan yaro, ba shi ruwa da yawa, rufe shi daga sanyi, ya kwana cikin gidan sauro. In jikinsa ya yi zafi, kai shi likita ran nan, kada ka jira gobe.