5G a Legas: an fara daga tsibiri, kasuwannin da suka fi buƙatar sabis suna nan suna jira

Tun watan Agustan 2022 da MTN ya kunna 5G na gwaji a garuruwa bakwai, ciki har da Legas, Ibadan, Fatakwal da Kano, tambaya ɗaya ce ake ta maimaitawa a majalisun 'yan Arewa mazauna Legas: wannan sabon sabis ɗin, yaushe zai iso wajenmu? Shekaru sun shuɗe, alamar 5G tana bayyana a saman wayar wasu idan sun hau babban titi, da zarar sun kutsa cikin rumfuna sai ta ɓace. Ba abin mamaki ba ne, kuma ba aljanu ba ne. Lissafi ne na kuɗi da yadda ita kanta fasahar take aiki.

Mu fara da kuɗin. A gwanjon da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi a Disambar 2021, zamanin Isa Ali Pantami yana minista, MTN da Mafab ne suka yi nasara, kowannensu ya biya dala miliyan 273.6 don lasisi kaɗai. Ba a kafa ƙarfen sabis ko ɗaya da wannan kuɗin ba. Airtel ya sayi nasa daga baya, ya ƙaddamar a Yunin 2023. Mafab kuwa an yi bikin ƙaddamarwa a farkon 2023, amma da wuya ka gamu da mai amfani da layinsa. To kamfanin da ya kashe irin wannan dukiya ina zai fara kai kayansa? Inda zai mayar da ita da wuri mana: Victoria Island, Ikoyi, Lekki da Ikeja, wuraren bankuna da ofisoshi da gidajen da za su iya sayen na'urar intanet ta gida su kuma biya kuɗin data mai kauri duk wata. Can ne kuma wayoyin fayiba suka fi yawa, domin manyan wayoyin intanet da suka biyo ta ƙarƙashin teku ta wannan gefen suke hawowa tudu.

Sai kuma aka samu cikas. Faɗuwar naira daga tsakiyar 2023 ta daki kamfanonin sosai, saboda kayan aikin da dala ake sayowa, yawancin ƙarafan sabis ɗin kuma haya suke biya ga kamfanoni irin su IHS, ga kuɗin gas da janareto ke sha dare da rana. MTN Najeriya ya bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a 2024. Wanda yake kirga asara ba ya gaggawar faɗaɗa aiki zuwa Agege.

Amma ko da kuɗin yana nan, akwai matsalar da talla ba ta faɗa. 5G ɗin da ake da shi a Najeriya a kan zangon 3.5 gigahaz yake tafiya. Wannan zango yana ɗaukar data mai yawa, sai dai ba ya nisa, kuma bango da rufin kwano suna kashe masa ƙarfi. Tsohon sabis na 900 megahaz, wanda ƙaramar waya mai madannai ke kamawa, shi ne ke ratsa gini ya shiga lungu. Yanzu ka ɗauki kasuwa irin Mile 12: rumfuna manne da juna, kwano sama da ƙasa, manyan motocin kayan gwari a jere, dubban mutane kowa da waya a hannu daga asuba. Ƙarfe ɗaya a bakin titin Ikorodu ba zai wadatar da wannan wuri ba ko da an ɗora masa 5G. Sai an dasa ƙananan eriya a cikin kasuwar kanta, kowacce da wuta da wayar fayiba. Haka labarin yake a mayankar Oko-Oba da ke Agege, da lungunan Idi-Araba.

A nan ne nake ganin muna kallon abin ta gefen da bai kamata ba. Mai sayar da tumatur ko albasa ba fim yake saukewa ba. Abin da yake so shi ne mai saye ya tura kuɗi, alat ya shigo kafin a ɗora kwando a kan baro. Dillalin shanu yana so ya tura bidiyon sa ta WhatsApp ga mai kaya a Potiskum ko Maigatari, a yi ciniki a gama. Ɗan POS yana so na'urarsa ta daina juyi. Duk waɗannan 4G mai lafiya ya ishe su har da ragi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma waya, kuma bai dawo yadda yake a da ba, don haka minti goma na rashin sabis a lokacin sauke kaya asara ce ta gaske, musamman ga kayan da rana ke lalatawa. Gaskiya dai ba kullum laifin layi ba ne. Wani lokacin bankin ne ya tsaya, amma mai saye da mai sayarwa duk "netwok" suke zagi.

Alƙaluman NCC ma suna nuna haka. A ƙarshen 2024 layukan da ke kan 5G ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, 4G yana dab da rabi, 2G kuma yana riƙe da kusan kashi 40. Wato mafi yawan mutanenmu ko wayar da za ta kama shi ba su da ita. Amfanin 5G gare su, idan akwai, a kaikaice yake: idan masu shan data da yawa suka koma can, 4G ya ɗan samu sarari. Wannan kuwa sai a unguwar da aka kafa shi.

Akwai kuma batun yanke waya. Duk wanda ya san Legas ya san aikin titi da na magudanar ruwa ba ya ƙarewa, kuma katafila ba ta tambayar abin da ke binne. Waya ɗaya ta fayiba idan ta tsinke, ƙarafa da dama ne za su yi shiru ko su koma tafiyar hawainiya. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya mayar da kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta tsare, amma umarni a takarda daban, ɗan kwangilar da ke haƙa da daddare daban. Su ma kamfanonin suna kukan kuɗin izinin binne waya. An amince da naira 145 a kowace mita a matakin ƙasa, sai dai ba kowace jiha ce ta bi ba.

A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, bayan kamfanonin sun nemi kashi 100. Hujjar ita ce za a zuba kuɗin a gyara sabis. Wannan ƙari kowa ya biya shi, mai ofis a Ikoyi da mai shayi a Obalende. Don haka mazauna unguwanninmu suna da bakin tambayar ina rabonsu. Yarjejeniyar da MTN da Airtel suka ƙulla a Maris ɗin 2025, ta yin tarayya a kayan aiki, tana iya rage tsadar kai sabis wuraren da riba ba ta da kauri, idan har an yi amfani da ita a nan ba a ƙauyuka kaɗai ba.

Ga wanda ke shirin zuwa Computer Village ya zuba kuɗi don kawai a ce wayarsa tana da 5G, ya dakata tukuna. Ya ari wayar wani ya gwada a cikin rumfarsa, ba a bakin titi ba, kuma a lokacin da kasuwa ta cika. Wayoyin hannu da ake shigowa da su ba duka ne ke kama zangon Najeriya ba. A duba ko tana da n78 kafin a biya.

Shugabannin kasuwanni da fadojin sarakunan Hausawa su ma suna da abin yi. Kamfani ba ya motsi don ƙorafin majalisa, amma yana duba takarda mai ɗauke da sunan layi, wuri, rana da sa'ar da sabis ke faɗuwa, musamman idan mutum ɗari ne suka sa hannu kuma an aika kwafi ga NCC, wadda ke karɓar ƙorafi kyauta ta lambar 622. Ƙungiyar kasuwar da za ta iya nuna wajen da za a dasa ƙaramar eriya, ta kuma ɗauki nauyin gadinta daga ɓarayin batir, ta cire wa kamfanin rabin uzurinsa.